Neman Gurasa Marar Yisti a Gwandu

Laraba: daga Kalgo

Gari bai waye ba na fita daga gida, maigida na biye da ni da tocila har bakin titi. A tsaye ya yi mini addu'a, ya kuma ja mini kunne kada in shagala da gaishe-gaishe a Gwandu in manta abin da ya kai ni. 'Yan'uwa mata, kun ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance, to ga shi. Amma bari in fara da dalilinta, saboda waɗanda ba su zo taron zumuntar matan coci ba ranar da aka yi maganar.

A makon Ista na bana muka shirya mu ci jibi irin na Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke yi kowace shekara don tuna daren da Allah ya fitar da kakanninsu daga bautar Masar. Gasasshen ɗan rago ake ci, da ganye mai ɗaci, da gurasa marar yisti. Saboda Kaka Rifkatu muka shirya shi. Ita ta koya wa 'ya'yanmu labarin Musa da Fir'auna, har da wasunmu iyayen. Yanzu idonta ya tafi, kuma ranar Jumma'a ɗanta zai zo ya tafi da ita ƙauyensu wajen Zuru, ba dawowa za ta yi ba. Wata rana ta ce mana ta tsufa tana ba da labarin gurasar nan amma ba ta taɓa sa ta a baki ba. Nan take na ɗaga hannu na ce gurasa a kaina take. Sai da na gwada a kasko a gida na gane na yi saurin baki: waje ƙonanne, ciki ɗanye, kajina ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Mutum ɗaya na sani mai tanderu, wato tukunyar ƙasar da ake manna gurasa a jikinta, ita ce Inna Kulu a Gwandu.

Motar Birnin Kebbi ba ta daɗe ba ta cika. Kusa da wata mai kwandon busasshen kifi na zauna, kafin mu isa gyalena ya ɗauki ƙamshin miya. A shingen da ke hanya jami'in ya leƙo, ya ga duk mata ne da kaya, ya ɗaga mana hannu.

Birnin Kebbi zuwa Kambaza

A tasha na sha koko da ƙosai ina jiran motar Gwandu. Direban dattijo ne mai barkwanci, Malam Altine, motarsa kuma da igiya ake ɗaure ƙofar baya. Da ya ji gurasa zan je gasawa a Gwandu, sai ya ce shi dai ya saba kai mutane biki da ta'aziyya da asibiti, amma bai taɓa ɗaukar wanda ya ƙetare garuruwa don gurasa ba. Muka yi da shi zai biyo ta kaina gobe bayan azahar.

A Kambaza muka tsaya sauke buhunan taki. Rana ta fara zafi irin na bazara. Wata mata na zaune a inuwa da sabuwar alkamar noman rani, ja, tsabarta cikakkiya. Na tauna guda na ji ta bushe sarai, na saya har da gyara.

Gwandu

A gidan Inna Kulu muka yi haya lokacin da maigida ke koyarwa a garin. Ita ta yi mini wankan jegon ɗana na fari, tun daga nan ba ta ƙara kiran sunana ba, sai ɗiyata. A Kano ta koyi gurasa lokacin aurenta na fari. Da ta gan ni a ƙofa ta saki muciya ta rungume ni, ta ce na rame, alhali kowa a Kalgo cewa yake na yi ƙiba. Aka kawo fura da nono mai sanyi, daga baya tuwon shinkafa da miyar kuka.

Da yamma aka kai alkamar inji aka niƙo. Na ce mata, Inna, gurasar da nake so ba yisti, ba sukari, kuma ba a barin ƙullun ya zauna ya tashi. Ta dube ni ta ce to. Ban faɗa mata dalili ba. Duk zaman da muka yi, ita da sallarta ni da cocina, ba mu saba shiga zancen addini ba, sai na ji nauyin farawa yanzu. Saboda zafi a tsakar gida muka shimfiɗa tabarma muka kwana.

Alhamis: safiyar da ta juye

Da sassafe na ce bari in leƙa tsofaffin maƙwabta in sayo dabino, tunda sai hantsi za mu hura tanderu. Gidan farko aka riƙe ni da kunu, na biyu aka nuna mini jikoki ɗaya bayan ɗaya. Maigida da gaskiyarsa. Sai da rana ta ɗaga sosai na dawo, tun daga zaure ƙamshi ya tare ni.

Ga gurasa nan jibge a faifai, kowace ta kumbura ta yi taushi, ta yi ja gwanin kyau. Inna na gefe tana share gumi tana murmushi. Ashe tun asuba ta kwaɓa garin duka da yisti ta rufe a ɗaki.

Ta ce, "Na ji abin da kinka ce jiya, ɗiyata. Amma ba ni bari a kai gurasata Kalgo kamar tafin takalmi, a ce hannun Kulu ya mutu. Yistin nawa na, ba sai kin biya ba."

Ta ɗauka tattali nake yi, kunya ta hana ni faɗa. Na zauna a kan turmi, hawaye suka zubo mini, don fuskar Kaka Rifkatu kawai nake gani. Da Inna ta matsa, sai na kwashe labarin na ba ta: yadda mutanen Musa suka fita daga Masar da gaggawa, ƙullunsu bai samu lokacin tashi ba, shi ya sa har yau ake cin gurasar a shafe don kada a manta. Na gaya mata batun tsohuwar da za ta tafi gobe.

Inna ta kama baki. "Annabi Musa? Wagga ɗiya, mi ya hana ki faɗa tun jiya?" Ta ce ai su ma suna azumin Ashura don wannan tsirar, yaya za a yi ta ɓata abincin tunawa da ita.

Garina ya ƙare. Ta shiga ɗaki ta jawo alkamar da ta ajiye don alkakin bikin jikanyarta. Na ce a'a, ta ce in rufe mata baki. Aka je inji aka tarar ya lalace tun safe. Sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta biyu, aka surfa a turmi, aka sauko da dutsen niƙa wanda ya daɗe bai ga aiki ba. Muka yi ta karɓa-karɓa, suna yi mini tsiya cewa zaman Kalgo ya kashe mini hannu.

Ga yadda muka yi ta, ga mai son gwadawa. A samu ƙwarya wadda yisti bai taɓa ba. Inna sabuwa ta sauko da ita. Gari da ruwa, da ɗan gishiri in ana so. Sai wuta ta yi kafin a zuba ruwa, don da an kwaɓa ba jira. A gutsuri ƙullu kaɗan, a murza da kwalba ya yi fele-fele, a sossoke shi da tsinke kada ya kumbura. Ta farko ta ƙi kama jikin tanderu ta faɗa cikin garwashi. Inna ta yi tsaki, ta shafa wa ta biyu ruwa a baya, ta manna, ta zauna daram. Ba ta ɗaukar lokaci, da gefenta ya fara ja a ciro.

Inna ta gutsuri ɗaya ta tauna, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce Allah ya ji ƙan bayin Allah nan, lallai sun sha wuya.

Muna kan ta ƙarshe Malam Altine ya fara danna hon a ƙofar gida. Na naɗe gurasar da zafinta a sabon zane, na fito da takalmi a hannu. Inna ta biyo ni da faifan mai yistin ta juye mini a buhu, ta ce in ba ta shiga coci ba ai ta shiga cikin mutane.

Hanyar dawowa

Haka kuwa aka yi. Kafin mu wuce Kambaza kowa a motar yana cin gurasar Inna yana sa mata albarka. Malam Altine ya lura da ƙullin da na rungume a cinya, ya ce, "Madam, wadda kike ɓoyewa ita ce ta gaske." Na gutsura masa. Ya tauna, ya nemi ruwa, sannan ya ce in riƙe kayana, ya yafe. Ragowar mai taushin na ba jami'an shinge da masu jiran mota a Birnin Kebbi. Motar Kalgo ta ƙi cika, ina ta duban rana tana sauka ina addu'a a zuci, sai ga wasu 'yan kasuwa uku sun zo a tare.

Kalgo

Rana ta yi ja na shiga harabar coci. An gasa ragon, an wanke shuwaka, mata sun yi cirko-cirko suna kallon hanya. Nan da nan muka daka dabinon da gyaɗa ya zama kamar laka, yadda Yahudawa ke haɗa irin nasu don tuna tubalin da aka sa kakanninsu bugawa. Fasto ya yi addu'a, Kaka Rifkatu ta ba da labarin da bakinta, yara sun kewaye ta.

Na durƙusa na sa mata gurasar a hannu. Ta shafa ta da yatsu, ta bi ƙananan ramukan ɗaya bayan ɗaya, ta karya, ta haɗa da shuwaka ta kai baki. Haƙoranta kaɗan suka rage, muka jira ta gama taunawa.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina gaya wa yara abincin nan ba daɗi. Na gode Allah ban yi musu ƙarya ba."

Aka fashe da dariya, wasunmu da hawaye. Sai ta lalubo hannuna ta ce in ƙara mata guda, ta ƙulle a gefen zanenta, ta ce guzurin hanyarta ce gobe.

Bayan an tashi maigida ya ɗauko mini kayana muka taka zuwa gida. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode muku da kuka jira ni, da Malam Altine da bai tafi ya bar ni ba. Inna Kulu kuwa, bikin jikanyarta bayan girbi ne, kuma na riga na gaya wa maigida ni zan je in toya alkakin.