Ƙafar Malam a Hanyar Shetimari

Da ƙarar buta abin ya fara. Ina tankaɗe a madafa na ji ta faɗi ƙwal a kan siminti, na leƙo na ga Malam, maigidana, dafe da bango, ya gama alwala ya zo miƙewa gwiwa ta ƙi. Na yi kamar ban gani ba.

Shekarun da aka hana babura yawo a nan Diffa, nasa yana zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma. Da aka sake su, babur ya tashi lafiya, gwiwar mai shi ce ta tsufa. Ga mahaifiyarsa tana wani ƙauye bayan Shetimari, bakin kogin Komadugu, inda mota ke ajiye mutum a bakin kwalta ya ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Wata biyu bai je gaishe ta ba. Wani ya ba shi shawara ya kai wa mai walda babur ɗin a sauke masa matakan ƙafa, don gwiwar ta daina naɗewa. Aka sauke su kamar yatsu uku. Ya hau a zaure, babur na tsaye, ya ce ya ji daɗi. Sannan ya ce mini, idonsa na ƙasa: "In wannan tafiyar ma ta gagare ni, sayar da shi zan yi." Na san abin da hakan ke nufi: tsohuwa za ta koma ganin ɗanta daga salla sai salla.

Mun tashi bayan asuba ranar Juma'a, gari ya ɗan yi haske, shi a gaba, autarmu mai shekara shida a tsakiya, ni a baya rungume da kwanon ƙuli-ƙuli da turmin atamfa. Muka sha isansi, wato man fetur, a bakin tasha, mai kwalaben yana rantsuwa cewa ba shi ya ƙara kuɗin ba. A bariyar jami'an tsaro ta fita gari muka sauka, muka nuna katinmu, muka tura babur har muka wuce, sannan muka sake hawa. Tun a nan na ga Malam yana yarfa ƙafar dama.

Hanyar kuwa, kwalta ce a wani wuri, a wani wuri tarihinta kawai ya rage. Kowane rami sai na ji shi a ƙugu. Hagu da mu can nesa layin itatuwan bakin kogi ne, kore shar, dama kuma ƙaya da rumfunan mutanen da suka baro garuruwansu suka zauna bakin titi. Mata sun shanya tattasai a kan tabarmi, ja wur, ƙamshinsa yana shiga hanci ya sa atishawa. Na yi ta salati a zuciya, ina roƙa musu komawa gida.

Wanda ke zaune a baya ba ya ganin gaba sosai, sai ƙeyar direba da ƙafarsa. To ƙafar na yi ta kallo. Mataki ya sauka, amma birki yana nan inda yake tun asali, ya zama yana sama da ƙafar. Yatsun Malam a ɗage suke tun daga Diffa, kamar mai tsallake ruwa. In zai taka birki sai ya ɗaga ƙafar ɗungurungum, gwiwar da ake lallaɓawa ita ke yin aikin. Ta hagu ma haka take fama da giya.

Muna gab da Shetimari amalanken jaki ya fito daga cikin garka da buhunan tattasai. Malam ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta yi nauyi. Da birkin hannu ya tsaya, tayar gaba tana shafar buhu. Kan yarinyar ya bugi bayansa, kwanona ya faɗi, ƙuli-ƙuli ya watse a titi. Mai amalanke ya yi ta ba da haƙuri da Barbarci, alhali ba shi da laifi.

Muka zauna gindin wata bishiyar bedi. Malam yana murza ƙwauri, ya ce shi ke nan, ya gani da idonsa, ba zai kashe mu a hanya ba, gobe zai kira dillali. Ni ban saba sa baki a sha'anin babur ba. Amma shekara ashirin ina taka keken ɗinki, kuma na tuna lokacin da na canza kujera, ƙafata ta yi mako tana ciwo sai da na gane tsayin ne bai dace da matakin keken ba. Na ce, "Malam, ba gwiwarka ba ce yau. An sauke wurin zaman ƙafa, an bar wurin aikinta a sama." Ya dube ni, ya dubi babur, ya daɗe yana dubawa.

A bakin kasuwar Shetimari muka samu wani dattijon bakanike. Malam ya yi masa bayani, har da cewa maiɗakinsa ce ta lura. Dattijon ya yi dariya ya ce mai waldan ya ɗinka riga ya manta wuya, in Madam na neman aiki ga sifana nan. Ya kwance ƙusar sandar giya, ya zare ta, ya mayar da ita ƙasa da haƙori biyu. Ya sassauta ƙusar da ke tsayar da birki har ya sauko daidai tafin ƙafa, ya daidaita notin birki da ke bakin tayar baya, ya gyara ɗan zaren fitilar birki don kada ta zauna a kunne. Sau uku yana sa Malam ya hau da takalmin da yake tuƙi da shi, ya zaga ya dawo. A na farko birkin ya yi ƙasa da yawa. A na uku Malam ya dawo yana murmushi.

Rairayin ƙauyen ya wahalar da mu, sau biyu ina sauka in taka. Amma mun isa kafin a shiga masallaci. Tsohuwa ta riƙe hannun ɗanta tana ta yi masa sannu da Barbarci, "wushe, wushe", ta ƙi saki har burabusko ya huce. Ban gaya mata zancen dillali ba. Ta cika mana buhu da busasshen tattasai da bandar kifi, wanda ni ce na ɗauke shi a cinya har gida.

Mun shigo Diffa ana kiran magariba. Bayana kamar an daka, idona cike da yaji, na yi salla a zaune. Abin da na koyo, in ka gyara abu ɗaya ka dubi maƙwabcinsa, kuma gwajin da aka yi a zaure ba gwaji ba ne. Na kuma ƙudurta a raina cewa ni da babur sai baɗi.

Ina shafa man zafi a ƙugu sai auta ta shigo, ta zauna a kan ƙafata.

"Mama, Baba ya ce Juma'a mai zuwa ma za mu je wurin Kaka. Ya ce dole ki zo, ke ce mai ganin ƙafarsa."