Lowell Hruska, Mai Wanke Tankunan Mai

Ƙarfe shida na safe motar Lowell Hruska ke tsayawa a ƙofar gidan abincina, yau shekara ashirin da shida. Ya shigo, ya rataye hula, ya wuce kujerar ƙarshe kusa da ƙofar baya, ya ce, "Darlene, kofi baƙi da ƙwai biyu." Ba wanda ya tura shi can. Warin fetur ne ba ya barin jikinsa ko ya yi wanka sau uku, shi kuma ba ya son ɓata wa kowa karin kumallo.

Shi ne mai wanke tankunan da ke binne a gidajen mai na wannan yanki namu na jihar Nebraska a Amurka. Da aka gano sinadarin da ake zuba wa fetur, mai suna MTBE, yana zurarewa cikin rijiyoyi yana lalata ruwan sha, sai aka koma etanol da ake tatsa daga masara. Manoma suka yi ta murna. Amma etanol ba ya shiri da ruwa ko datti, dole a kwashe tsohon dagwalon tanki tas, a busar, a duba ko ya tsage. Lowell ya bi tankunan nan ɗaya bayan ɗaya.

A gidan man Merle, wan matarsa, ya tarar da tsaga, ga rijiyar makarantar firamare a tsallaken titi. Ina wurin, na kai musu abincin rana.

"Haba suruki," in ji Merle, "ɗan liƙi za ka yi mu wuce. Wa zai leƙa ƙarƙashin ƙasa?"

"Ni na leƙa," Lowell ya ce. "Jikokinka biyu ruwan can suke sha."

Ya kai rahoto, aka rufe wurin. Shi kaɗai ne gidan mai a garin, sai an yi tafiyar mil goma sha takwas kafin a sami wani. Mutane suka ɗora wa Lowell laifin. In ya shigo sai ka ji wani ya ce, "Ga sarkin tsafta, ku ɓoye kofunanku kada ya rufe mana su." Ko da aka haƙa aka ga ƙasar ta yi baƙi har dab da rijiyar, ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Ranar jana'izar matarsa ya miƙa wa Merle hannu, Merle ya kau da kai.

Lowell, kai ne ka tsare mana ruwa muka daina gaishe ka. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, ni ma kuma ban taɓa buɗe baki na kare ka ba. Wannan yana damuna.

Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki. Na gasa kek na mutum ashirin, huɗu suka zo. Ya ci yanka ɗaya, ya ce, "Ya yi daɗi, Darlene. Ki raba wa direbobi sauran."

Mun gode, Lowell, ko da godiyar ta makara. Ku masu tasowa, in kun ga ɓarna a inda ido ba ya kaiwa, ku faɗa kamar yadda ya faɗa. Mu kuma tsofaffin garin nan, gidansa ne na ƙarshe a hanyar maƙabarta, mai shuɗiyar ƙofa. Yanzu kullum yana gida.