Sulallan da Umma Ta Goge

Wata Juma'a a watan Mayun 2009, ana idar da salla a Masallacin Huaisheng na birnin Guangzhou ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. Baba ya fake a rumfa shi da abokan kasuwancinsa, Kanawa da mutanen Maraɗi, ana ta maganar kwantenar da ta maƙale a tasha, ni kuwa na sulale na bi lungu, takalmina cike da ruwa, har shagon wani tsoho mai sayar da tsofaffin kuɗi. Ban taɓa sanin sunansa ba. Lauban muke ce masa, wato maigida, yadda ake kiran duk mai shago a Guangzhou. A aljihuna akwai ɗan abin da na tara daga kuɗin Juma'a da Baba yake ba ni, kuma na zo ne in yanke shawarar da ta hana ni sakat: wane jerin sulalla zan soma saya.

Jerina na farko ban kashe masa ko sisi ba, daga aljihun fatake na haɗa shi. Umma tana tuƙa tuwo da miyar kuka a ɗakinmu da ke can saman bene, ni kuma in kai wa 'yan kasuwa a kuloli cikin manyan shagunan tufafi na Guangyuan. In na tarar suna ɗaure kaya, sai in riƙe musu salatif, ko in hau dila in danne ta da gwiwa, ladana kuwa a lalubo mini sefa ko sidi ko kwabon gida da ya kwana a gindin jaka. A makaranta yara suna buga wani abu mai gashin tsuntsu da gefen ƙafa, ni kuwa ƙafata ta ƙi koyo, sai na zama mai baje sulalla a gindin bango. Da su na yi abokai, tun kafin bakina ya iya yarensu.

Ranar nan Lauban ya shimfiɗa mini zaɓi biyu a kan gilashi. Ga sababbi na dabbobin shekara, wato dabbobin da mutanen ƙasar suke laƙaba wa kowace shekara, masu ƙyalli, kowanne a rufe cikin 'yar roba. Sai dai akwai alade a cikinsu, kuma na san Baba ba zai bari ya kwana a gidansa ba, jeri mai giɓi ke nan tun ba a fara ba. Ga kuma tsofaffi na zamanin sarakunan ƙasar, masu huji mai kusurwa huɗu, sun yi kore-kore kamar gindin randa, kuma na gama-garinsu da araha. Aljihuna ba zai ɗauki duka ba, taura biyu ba ta taunuwa. Na zaɓi tsofaffin, na ƙunso 'yan kaɗan a takarda na koma wurin Baba a jiƙe sharkaf.

Ni ɗan fari ne, kuma Umma mai alkunya ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" ne, ko "mai shi". Ba ta yabona, ba ta jan kaina jikinta. A Kano wannan ba komai ba ne, don akwai kaka da gwaggo masu rungumar yaro su cika masa baki da alewa. A Guangzhou babu kowa. Daga ita sai tukwane da tagar da take shanya a jikin ƙarafunanta, ba ta jin yaren gari, ba ta sauka ƙasa sai da Baba. Ga ta kuma mace ce da ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta ƙyale shi, ko da murfin tukunya ne.

Washegari na dawo daga kai abinci na same ta zaune a tabarma, tsofaffin sulallan da na sayo a cikin tasa. Ta jiƙa tsamiyar da ta taho da ita daga Kano, wadda take tattali saboda kunun azumi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da soson ƙarfe, har cikin hujin. Sun yi jawur suna sheƙi, yatsunta duk sun yamutse. Ba ta dube ni ba. Bango ta kalla ta ce, "Wani dai ya kwaso datti ya ajiye mana a ɗaki." Amma na ga gefen bakinta yana motsi. Na yi murna har raina, na yi ta juya su a hasken taga, ita kuma tana satar kallona. Ban taɓa jin na kusance ta kamar yammacin nan ba.

Da Juma'a ta zagayo na kai wa Lauban guda ɗaya da nake da irinsa biyu, don ya musanya mini. Yana gani ya dafe kai. Da hannu da ɗan yaren da na tsinta ya fahimtar da ni cewa koren nan shi ne shekarun, shi ake saya, wanda aka goge kuwa ya zama ƙarfe kawai. Ya turo mini abina ya ce, "Meyo," wato babu. Mai shagon kusa ya leƙo, aka nuna masa, suka yi ta dariya. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Nan take na sauya jeri. Na zube kuɗin makon a kan na dabbobin shekara, ba don sun fi burge ni ba, sai don robar da ke rufe da su.

Da na shiga ɗaki na tarar har ta jiƙa tsamiya a tasa tana jira. Ban yi mata tsawa ba, ban yi kuka ba, ban ma gaya mata abin da Lauban ya ce ba. Na dai ajiye sabon a tabarma na ce, "Wannan ba a buɗewa." Ta ɗauka ta juya shi, ta nemi bakin robar da farce, sannan ta mayar inda na ajiye. "To, madalla," in ji ta. Ta tashi ta zubar da ruwan tsamiyar a wurin wanke-wanke. Daga ranar na mai da gwangwanin sulallana saman kwaba, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Da ma na yi mata rashin kunya a fili, ta mare ni, mu shirya. Hanya ɗaya tak ta samu da za ta taɓa abin da nake so ba tare da ta karya alkunya ba, ni kuma na toshe ta saboda dariyar mutum biyu da ko sunansu ban sani ba.

Yanzu Baba ya ajiye fatauci, sun koma Kano, ni nake riƙe da harkar a nan. Har yanzu ina tara sulalla, kuma har yanzu sai na yi ta auna aljihu kafin in soma sabon jeri, sai dai a waya nake zaɓa, babu ruwan sama, babu mai jirana da tasa. Bara na sayi ɗaya daga cikin tsofaffin sulallan nan, kore shar, na ba wani abokin Baba da zai je gida, na ce ya roƙar mini Umma ta goge mini shi. Da ya dawo ya miƙo mini ƙullin ƙyalle mai tsabta. Na kwance, ga shi nan kore yadda ya tafi. Ya ce, "Ta ce a gaya wa mai shi, ta adana masa yadda yake so."

Ƙofar da yaro ya rufe da yatsa ɗaya, sai ya girma yana tura ta da kafaɗa.