Atamfar Yarinyar Nan

Inna ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba. Sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kowane kaset, na karanta mata ya fi sau goma, ta ce harshenta ba zai wahala a kan sunan da ba a yanka masa rago ba. "Yarinyar nan" kawai take cewa, kuma kowa a gidanmu na unguwar Anbariyya a Madina ya san wadda ake nufi: wata Ba'amurkiya mai manyan idanu da siririn wuya, tauraruwar tsofaffin finafinan nan marasa kala da aka yi tun Inna tana budurwa a Kano.

Yayana ne ya jawo mana ita. Yana aikin kaya a filin jirgi, sai wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali guda na kaset ɗin bidiyo. Bakwai daga ciki duk fuskarta ce. A lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, in na dawo muka yi la'asar, sai Inna ta haɗa shayi da na'ana'a, ta ajiye dabino, ta miƙe ƙafa. Aikina shi ne in karanta fassarar Larabci da ke gudu a ƙasan allo, in juya mata da Hausata ta haihuwar Madina, wadda ita kanta tana buƙatar tafinta.

Kada a ɗauka Inna ba ta san wasa ake yi ba. Ta sani sarai, shi ya sa hukuncinta ba sassauci. Fim ɗin da yarinyar ta sa wata ƙatuwar hula, Inna ta kashe shi tun kafin a kai rabi.

"A nan ba ta so aikin ba," in ji ta. "Dubi yadda ta riƙe kofi kamar an aike ta. Halas, ya isa haka, cire."

Fim ɗin da ta gaji masaukin baƙi daga ubanta ya samu yabo, sai dai Inna ta rage mata maki saboda ta bar dattijo a tsaye ba ta ba shi wurin zama ba. Gwarzon cikinsu shi ne na tashar jirgin ƙasa, inda ta rubuta wa miji wasiƙa, ta tsaya cikin ruwan sama da ita a hannu har jirgin ya tashi. Inna ta ce duk matan finafinai da ido suke fara kuka, ita kaɗai ce haɓarta ke fara rawa, kuma haka ake yi in abin ya taɓa mutum. In muka wuce tsohuwar tasharmu ta Anbariyya, wadda ba jirgin da ya ƙara tsayawa a cikinta, sai ta ɗan rage tafiya. Idan kuwa namiji ya matso kusa da yarinyar fiye da ƙima, Inna takan ɗaga kai ta tsura wa silin ido, ta ce, "Wuce mana nan." Ni kuma in danna.

Inna tana da ƙanwa ɗaya tak a Kano, Inna Ƙarama. Rabonsu da juna shekara talatin da wani abu. Ba mai rubutu a cikinsu, sai dai su yi magana a kaset ɗin rikoda a ba alhazai su kai. Na sha jin irin na Inna: gaisuwa, gaisuwa, sunayen waɗanda suka rasu, addu'a, shi ke nan. Minti goma bai cika ba. Amsar da ke dawowa ma haka take. Ina jin tausayinsu, don a fili yake zumuncin ya kusa zama na gaisuwa zalla.

Wata rana na shigo na tarar da Inna a gaban rikoda tana zuba kamar famfo.

"Akwai wata yarinya a nan wajenmu, baiwar Allah, ta rubuta wa mijinta takarda, ya'ani ta kasa ba shi..."

Da ta gama na ce, "Inna, ai ba ki gaya mata fim ba ne."

Ta harare ni. "So kike a ce a Kano tsohuwa kamata tana zaune a birnin Manzo tana kallon Turawa? Can suna ɗauka a Harami nake kwana nake tashi. Kuma ban yi ƙarya ba. Ba a ɗakin nan take ba?"

Raina bai so ba, na kuma faɗa, don ni ba na iya haɗiye magana. Amma kaset ɗin ya cika fuska biyu, abin da ba a taɓa yi ba. Amsa ta zo ita ma cike taf: Inna Ƙarama tana tambaya, tana faɗa, tana ba yarinyar shawara. Shekara uku ana haka. Finafinai bakwai suka koma rayuwar mace ɗaya mai yawan aure da rashin sa'a.

Sai ga labari ɗan Inna Ƙarama ya biya mata kujerar Hajji, za ta yi kwana takwas a Madina. Murna a wajen Inna ba a magana, amma ana jibi za su sauka ta sa aka lulluɓe bidiyon da zanen gado, aka tura kwalin kaset ƙarƙashin gado. Tsoronta ɗaya: ƙanwar ta gane shekara uku ana yi mata wasa da hankali, ta koma da fushi, a koma gaisuwar minti goma, ko a rasa ta ma gaba ɗaya.

Ranar farko kuka suka sha. Rana ta biyu Inna Ƙarama ta buɗe jaka: kuka, daddawa, kilishi, sai turmin atamfa shuɗiya mai ganye.

"Wannan na yarinyar nan ne. Yaya, yaushe za ki kai ni in gan ta?"

"Ta ɗan fita," in ji Inna.

Washegari ta ce yarinyar ba ta jin daɗi. Rana ta huɗu ta ce ta tafi Jidda. Inna Ƙarama ta ce ba komai, za ta jira, ai kullum tana sa ta a addu'a bayan 'ya'yanta, jiya ma ta yi mata a Rauda, cikin Masallacin Annabi. Inna ta ajiye kofin shayinta ta tashi ta fita. Na bi ta kicin na ce ko ta faɗa ko in faɗa. Ta kira ni marar kunya, na amsa.

Bayan la'asar da hannunta ta yaye zanen gadon. Ta zaro na tashar jirgi ta miƙo mini, ta zauna nesa da ƙanwarta.

"Ga ta nan," ta ce da ƙaramar murya.

Inna Ƙarama ta dubi allo, ta dubi yayarta, ta sake duban allo. Na ci gaba da fassara. Da aka zo wajen da namiji ya matso kusa da yarinyar, su biyun suka ɗaga kai sama lokaci guda, ba wadda ta ce wa wata. Haka muka kai ƙarshe, jirgi ya tashi, ruwa na zuba.

"To," in ji Inna Ƙarama. "Shekara uku ina yi wa Baturiya addu'a."

"Ki yafe mini."

"Bari tukuna. Kin ce mini mijin mugu ne. Ina muguntar? Mutumin nan sau biyu yana leƙowa ta taga. Ita ce mai taurin kai, irinki."

Inna ta gyara zama. "Leƙe? Namiji ya ga mace a cikin ruwa ya tsaya leƙe? Me ya hana shi saukowa?"

Suka kaure. Sai da aka kira magariba suna musu, Inna na cewa leƙen sau ɗaya ne, har aka sa ni na mayar da kaset baya don a ƙirga leƙen. Uku ne, duk sun faɗi.

Suna naɗe dardumar salla Inna ta sake cewa a yafe mata. Ƙanwar ta ɗauko atamfar ta ɗora mata a cinya.

"Yaya, da farin gashina kika mayar da ni sakarya, kuma na ji zafi. Amma shekara talatin kina aiko mini da sunayen matattu. Sai da yarinyar nan ta zo na sake jin dariyarki. Ita na kawo wa tukwici, ke ki karɓar mata."

Aka raba turmin biyu, kowacce ta samu zane. Ranar tafiya na ga Inna tana cusa kaset uku a tsakanin ledojin dabinon tsarabar ƙanwarta. Har da na hular ta saka, wai a je a gani in ƙarya ta yi wa yarinyar.