Allurar da ba wanda ya kalli inda ta shiga

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara da shekaru, duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami ƙafata ta dama, "ikon Allah" nake cewa in wuce. Yau dai zan faɗa, don 'yata Hauwa ta tono mini tsohon takaici.

Lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ni tela ne a kasuwa, ma'aikata sun cika gari, ɗinki har ya fi ƙarfina. Da ƙafar nan ta dama nake taka keken ɗinki, da ita gidana yake ci.

Sai tari ya kama ni. Na sha zuma, na sha citta, na sha duk abin da maƙwabta suka rantse a kansa. Ina ramewa har wandon da na ɗinka wa kaina ya daina zama a ƙuguna. Ranar da na tofar da jini a kan shaddar mutane, matata Dudu ta ce, "Malam, ko ka tashi mu je asibiti, ko in kira a ɗauke ka."

Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji. Tarin fuka.

Na ji tsoro ƙwarai, don a lokacin ko kofinka mutane gudu suke yi. Likita ya ce, "Za ka warke. Ga ƙwayoyi, sannan allura kullum, ba fashi." Maganin ya cinye karsanar Dudu.

Da aka sallame ni, ga wahalar fetur, ga shi ba na iya tafiya asibiti kullum don allura. Sai mahaifin Dudu, Bappa Hammadu, ya ce a kai ni gidansa a Sunkani, ga nono, ga iska. Allura kuwa, ai shi ya tsufa yana yi wa shanu.

Surukina fa! Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi zan sassauta wa wando.

Ni jikan Zazzagawa ne, kuma tun aurena dangin Dudu, da yake Fulani ne, ke tsokanata wai Bahaushe bai san kunya ba. Na ce to, za su gani.

Ku ji yadda muke yi, don Allah. Bappa yakan dafa allura a buta. In ya shigo ɗaki sai in juya fuskata bango. Shi ma ya ja rawani ya rufe ido, ya kau da kai wajen ƙofa, ya lalubo da hannu, ya caka. Manya biyu masu hankali, ba wanda yake kallon inda allura take shiga!

Wata safiya allurar ta sauka ƙasa da inda ta saba. Na ji kamar an zuba mini tafasasshen ruwa daga ɗuwawu har yatsa. Bappa ya ce, "Lafiya, ɗan nan?"

Na ce, "Lafiya lau, Bappa."

Lafiya lau! Kai, ni da wannan baki nawa.

Wurin ya kumbura, ya ɗuri ruwa, ga zazzaɓi. Bappa bai gani ba don ba ya kallo, ni ban faɗa ba don ina nuna jarumta. Har yabona yake yi wa baƙi, wai surukinsa ya fi Fulani pulaku, wato kunya da juriyar nan tasu. Takalmi ya riƙa zame mini ban sani ba. Dudu ce ta lura ina jan ƙafa, ta yaye zanen rufata, ta saka salati.

Aka mayar da ni Jalingo a bayan a-kori-kura. Aka tsaga wurin, aka matse mugunya, kullum a cusa auduga a zaro. Nan kam na yi ihun da na daɗe ina adanawa. Likita ya ce in ɗaga yatsun ƙafa. Suka ƙi.

Ya ce, "An taɓa jijiya. Wa ya yi maka allura a nan? Ba ya gani ne?"

Ina zan fara bayani?

Bappa ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana hawaye. Ya ce, "Ko saniya in na soke ta ba daidai ba tana harbi." Ban taɓa jin haushin tsohon nan ba, Allah ya jiƙansa. Haushin abin da ya rufe mana ido nake ji, har gobe.

Tarin ya warke sarai, alhamdu lillahi. Ƙafar ba ta dawo ba. Na koyi taka keke da hagu, na ɓata yadin mutane ba adadi kafin ɗinkina ya miƙe.

To, jiya Hauwa, wadda ke karatun haɗa magunguna, ta nuna mini aikinsu. Wani ɗan abu kamar filasta, a jikinsa ƙananan allurai jere, in ka shafa kamar harshen kyanwa. Da maganin ake yin su, haɗe da wani abu mai kama da sukari. Ka manna a hannu, su shiga fata su narke. Ba buta, ba ƙarfe, ba sa kaiwa inda jijiya take.

Na ce, "Ina kuke tun tuni?"

Ta ce, "Baba, ko haihuwata ba a yi ba. Kuma har yanzu gwaji muke: in sun yi laushi su lanƙwashe, in sun yi tauri su ƙi narkewa, ga shi ba sa ɗaukar magani mai yawa."

Na ce ku dai hanzarta.

Godiyata ga Allah, ga likitan nan, ga Dudu da ta yaye zane. Ku kuma, tari in ya ƙi tafiya a je asibiti, kuma a shanye magani har ƙarshe. Allura sai wanda ya koya a kan mutane. In ta yi zafin da ba ka gane ba, ka yi ihu ko gaban wa ne.

Da Hauwa za ta tafi ta ce, "Baba, in mun gama kai zan fara manna wa."

Na ce a'a, ki kai wa mai suruki. Ni na riga na biya da ƙafa.