Waƙar da Na Fitar daga Ɗakin Wankan Amarya

Ina yi wa Edita da masu karatu sallama. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, shekarata ashirin da uku, na gama jami'a ke nan ina hidimar ƙasa a wata makarantar firamare a Maamobi. Ni mutum ce mai shiru, wadda ake kira sau biyu kafin ta amsa, ba don raini ba, sai don hankalina kullum yana wani wuri. A gidanmu na gado da ke cikin lungunan Nima, inda iyali bakwai ke raba famfo ɗaya, an san ni da zama a bakin matakala ina rubuta waƙoƙi a bayan tsofaffin littattafan karatuna. Ina son duk abin da ya tsufa: ƙofar katako da hannu ya goge, karin maganar tsofaffi, ƙamshin turaren wuta a cikin adakar kakata. Kuma ina da wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa wata rana za mu farka mu tarar Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, ta zama kamar kowace unguwa, babu abin da ya rage mana sai suna.

Wannan tsoron ne ya kai ni ga wani shirin podkas, wato hirar da ake naɗa a saka a intanet, kowa ya saurara a wayarsa. Mutum uku ne ke yin sa: wani lauya, da malamin Islamiyya, da tsohon ɗan jarida. Duk Asabar suke naɗa a wani ɗaki a saman shagon tela a Kotobabi, har wani lokaci ana jiyo ƙarar keken ɗinki a bayan maganarsu. Ba gidan rediyo ne ya ɗauke su ba, ba kuma wata jam'iyya ba. Matasa na ce musu 'yan mazan jiya, su kuma suna amsawa da dariya. Suna magana kan 'yan siyasar da ba sa tuna hanyar Zongo sai zaɓe ya matso, da dokar rajistar aure da yawancin iyayenmu ba su san da ita ba, da rabon gado, da tarbiyyar yara. Ba kowane ra'ayinsu nake ɗauka ba, amma a cikin trotro, motar hayarmu, tsakanin ihun yaron mota da wa'azin mai sayar da magani, muryarsu ce ke sa in ji cewa akwai masu jin irin tsoron da nake ji.

Wata Asabar suka ɗauko zancen biki. Tsohon ɗan jaridar ya ce 'yan matan yanzu sun bar wankan amarya sun koma taron balan-balan da kek da suka gani a waya, kuma nan da 'yan shekaru, in aka ce aluwanka, yara za su ɗauka sunan sabulu ne. Malamin ya ce al'adar da ba ta saɓa wa addini ba dukiya ce, zubar da ita asara ce. A ƙarshe suka roƙi duk mai wata tsohuwar waƙar biki ya aiko musu kafin masu ita su ƙare. Sai na ji kamar da ni kaɗai suke, domin yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ita ce aluwankar da aka fi nema daga Nima har Sabon Zongo.

Ga wanda bai sani ba, aluwanka ita ce dattijuwar da ke yi wa amarya wanka, ta sa mata lalle, ta turara ta, ta faɗa mata abin da uwa ke jin kunyar faɗa. Ana yin haka ne a ɗaki a rufe, namiji ba ya shiga, budurwa ma ba kowacce ba. Gwaggo ta gaji aikin daga tata gwaggon, kuma shekara biyu kafin nan ta fara shiga da ni. Takan ce a cikin 'ya'yan ƙannenta duka ni kaɗai ce kunnena ke riƙe waƙa, ko da yake hannuna bai iya riƙe ko ludayi ba. Uwar takarda take kirana. In na tambaye ta ko in rubuta wani baiti, sai ta ce takarda ba ta da kunya, duk wanda ya buɗe ta sai ta faɗa masa komai. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin tsoron boko irin na tsofaffi.

Bayan mako biyu aka yi bikin 'yar wata maƙwabciyarmu. Da la'asar muka shiga ɗaki, mata kamar goma, aka zaunar da amarya, hayaƙin turare ya cika ko'ina. Kafin a rufe ƙofa na kunna naɗin murya a wayata, na tura ta ƙarƙashin gyalena. Amarya ta yi ta kuka, irin kukan da ba na al'ada kawai ba. Gwaggo ta fara da waƙoƙin da ke sa tsofaffi share hawaye, na rabuwa da ɗakin uwa. Da ta ga kukan ya ƙi tsayawa, sai ta juya zuwa abin da ta fi kowa iyawa, wato zambo. Al'ada ce a wannan ɗaki a yi wa dangin ango ba'a har amarya ta yi dariya, don ta rage jin tsoron gidan da za ta. Uwar angon nan koko take sayarwa a bakin babbar kwata shekara da shekaru. Gwaggo ta rera cewa kokon surukar amarya ya fi ruwan famfo tsinkewa, har mutum kan ga fuskarsa a ciki, kuma in ta ba ka ƙosai uku sai ta raka na ukun da ido har ka haɗiye. Mata suka kwashe da shewa, amarya ta yi dariya da hawaye a fuska. A raina na ce ban taɓa jin abu mai kyau kamar wannan ba.

Washegari na kai wa masu shirin naɗin da kaina. Nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Lauyan ya tambaye ni, ba sau ɗaya ba, sau biyu, ko mai waƙar ta sani kuma ta yarda. Ya ce malama, muryar mutum hakkinsa ce, doka ma ta san da haka, balle addini. Na ce ta yarda. Ban ji kamar ƙarya nake yi ba, domin na riga na shirya a zuciyata yadda Gwaggo za ta yi murna in ta ji ana yabonta. Na yarda a madadinta, na kuma yarda a madadin amarya da matan da ke ɗakin, ba tare da na tambayi ko ɗaya ba. Su kuma maza ne, ba su taɓa shiga irin wannan ɗaki ba, ba su san wace mai koko ake nufi ba. Ni na sani, amma kunnena yana kan daɗin kari da amo, ban tsaya na tuna cewa akwai mace mai rai a cikin baitin ba.

Sun saka waƙar da girmamawa. Malamin ya ce a ji hikimar iyayenmu mata, yadda suke warkar da tsoro da dariya. Ba su ambaci sunan kowa ba. Amma a Nima ba a buƙatar suna. Kafin azahar wani ya yanke wurin zambon kawai ya watsa a waya, babu yabon malam, babu kukan amarya da ya jawo shi. Zuwa Litinin samari na zuwa wurin matar nan suna cewa Hajiya a zuba musu na madubi, wasu suna ƙirga ƙosai da ƙarfi suna kallonta. 'Yarta da ke aure a Jamus ta kira tana kuka, wai har can an turo mata. Matar da ta yi shekaru tana tashi da asuba don ta ciyar da 'ya'yanta, ta kwana uku ba ta fitar da tukunya ba. Amarya kuwa, da ba ta cika wata guda a gidan ba, dariyarta ce ta fi fitowa a cikin naɗin, kuma a gida ɗaya take kwana da wadda aka yi wa dariyar.

Na ruga Kotobabi na faɗa musu gaskiya. Nan take suka sauke shirin, kuma Asabar ta gaba suka nemi afuwa, suka ce laifinsu ne da ba su nemi jin bakin mai waƙar da kansu ba. Lauyan bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce abin da suka sauke nasu ne, wanda ke cikin wayoyin mutane kuwa babu kotun da za ta iya tattaro shi.

Gwaggo ba ta tambayi wanda ya naɗa ba, don ta san wanda ya zauna a damanta a ranar. Ta aiko a kira ni da hantsi, na same ta ta yi shigar fita, da ƙullin goro a hannu. Ta ce uwar takarda, ɗauki gyalenki ki raka ni. Muka bi lungu har gidan angon. A tsakar gida, a gaban 'yan haya da yara, matar nan da ake tashi a ba ta kujera a kowane biki ta durƙusa a gaban uwar angon, wadda Gwaggo ta girme ta da kusan shekara goma. Ta ce bakinta ne ya yi waƙar, kuma ɗakinta ne ya yi yoyo, saboda haka laifin nata ne ita kaɗai, kada a ɗora wa yarinyar da aka kawo amana. Uwar angon ta ce Hajiya, ba waƙar ce ta yi mata ciwo ba, ita ma ta sha yin shewa a irin wannan ɗaki ana yi wa wasu, ta san da ma za a yi mata. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ta ji ta a bakin yaran da ta goya. Ina tsaye a bayan Gwaggo, kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, cewa ni ce. Ban faɗa ba. Har yau in na tuna wannan shirun sai in ji kunyarsa ta fi ta naɗin.

Sai bayan mako biyu na iya komawa ni kaɗai, na sami uwar angon ta koma sana'arta, na faɗa mata. Ta dube ni ta ce 'yar nan, ai duk unguwa an sani, jira kawai take ta ga ko karatun nawa ya haɗa da koyon buɗe baki. Ta yafe mini, ta kuma yafe wa surukarta, ko da yake an ɗauki watanni kafin su koma cin abinci a kwano ɗaya. Amma abin da ya karye a wajen Gwaggo bai ɗoru ba. Iyaye mata suka fara cewa a kira wata, don ba wanda ke son a ji sirrin 'yarsa a trotro. Waɗanda suka ci gaba da kiranta kuwa sun lura ta canza. Takan yi wanka, ta sa lalle, ta yi addu'a da nasiha, ta tashi. Ta daina zambo gaba ɗaya. In amarya ta yi kuka, sai ta bar ta ta yi har ta gaji.

Ni kuma ba ta sake shiga da ni ba. Wata rana ina taya ta tsince ganyen lalle, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko za ta ci gaba da koya mini. Ba ta yi fushi ba. Ta ce abin da na ji a shekara biyu bai kai rabi ba, akwai waƙoƙin da ake yi wa marainiya, da na wadda za a kai wata ƙasa, da na bazawara, kuma da ta yi niyyar ba ni su duka. Sannan ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, aluwanka cikinta ake haya kafin muryarta, kuma ita ba za ta ɗora wa 'ya'yan mutane abin da ta riga ta gwada ta ga bai riƙe ba. Ta ce tana sona kamar da, wannan dabam, wancan dabam. Tana nan da ranta, ina zuwa gaishe ta kowace Juma'a, muna hira muna dariya, kuma na san waƙoƙin nan suna cikinta, da ita za su tafi.

Har yanzu ina sauraron shirin, ban kuma ɗora musu laifina ba. Gaskiya suka faɗa, abubuwanmu suna ɓacewa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, rufe ƙofar nan ba shi ne ke kashe al'adar ba, shi ne al'adar. Na so waƙar fiye da mutanen da aka yi ta dominsu, na ɗauka son da nake yi mata ya ba ni izini a kanta. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu ilimi da waya a hannu, masu kishin a adana abin iyaye: kyakkyawar niyya ba ta zama izini. Kafin ki danna naɗi, ki tambayi mai muryar a fili, ki tambayi wanda ake magana a kansa, in an ce a'a ki ajiye wayar ki saurara da kunnenki. In kuma aka tambaye ki ko wani ya yarda, kada ki amsa da bakinsa. Ni na amsa sau biyu, kuma abin da na je cetowa, da hannuna na rufe bakinsa.