Kwana Ukun da Kawu Rilwanu Ya Ƙara a Sin

"Ai ba su suka riƙe ni ba," in ji Kawu Rilwanu, yana goge fulogi da gefen rigarsa. "Ni na riƙe kaina. Aikin da ya kai ni tun ran Lahadi na gama shi."

Injin ban ruwanmu na kawo masa gyara a rumfarsa da ke bakin kasuwar Haɗejiya. Na ga wani hoto da ya koɗe a jikin ƙyaure, shi ne a tsaye gaban wani makeken kogi, na tambaye shi ina ne nan. Daga nan zancen ya taso.

Duk mai noman shinkafa a fadamar nan ya san Kawu Rilwanu. Ya haura hamsin, gajere ne, ba ya ɗaga murya. Da kunne yake gane ciwon inji. Shi ya sa a shekarar babban ruwa ƙungiyar manoma ta tura shi ƙasar Sin ya duba injinan da za ta saya, kada a haɗa ta da jabu. Karonsa na farko ke nan a jirgin sama, bai kuma sake ba.

"Talata ya kamata in taso," ya ce. "Sai tafintanmu ya ce, Malam, ka zo har nan ka koma ba ka ga komai ba sai sito? Akwai wani kogi, tafiyar yini ce a jirgin ƙasa, sun ɗaure masa baki da dutse da siminti, ba ya taɓa gidan kowa. Na ce wannan kam sai na gani. Mu da muke tare ruwa da buhun yashi."

Aka sauya masa tikiti zuwa Juma'a.

Mahaifiyarsa, Iya Ummussalma, tana ƙauyensu can bayan Kirikasamma. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa. Kowace shekara, idan ruwa ya fara lasar jinga, Kawu Rilwanu ne yake zuwa ya goya ta har cikin kwalekwale, a fitar da ita titi, a kai ta Birniwa wajen 'yarta Sakinatu sai ruwa ya ja. Yayansa Ja'afar yana gida ɗaya da ita, amma shi ɗan fari ne. Su asalinsu Fulani ne, kuma Iya ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, balle a ce ya ɗora ta a bayansa.

"Da zan tafi na ce mata, Iya, Laraba ina nan. Ta ce Allah Ya kai mu. Ita maganata kamar rubutu ce a wajenta."

Ruwan ya zo da wuri a shekarar. Laraba da safe ya ɓalle jinga ta yamma, mutane suka fara kwashe yara da awaki. Ja'afar ya tsaya a ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce a tashi. Ba ta dube shi ba. Ta ce wa matarsa, "Ki gaya wa wancan, Rilwanu yana hanya." Mata biyu suka gwada ɗaukarta, ta riƙe ƙafar gado. Ja'afar ya ce bari ya kai yara tudu ya dawo, ko ta sauko kafin nan. Bayan la'asar ya dawo, ya tarar bangon ɗakin ya sha ruwa ya zauna a kanta.

Kawu Rilwanu ya ɗaure fulogin, ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu.

"Ka san ina nake a lokacin? Ina cikin jirgin ruwa mai bene, ana ba mu shayi. Wayata ba ta aiki sai a masauki, masaukin kuma na baro shi. Na yi ta kallon bangon nan nasu ina cewa, kai, da Iya za ta ga wannan."

Sai Juma'a a filin jirgi saƙonnin suka shigo masa, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya iso an yi sadakar uku. Maƙabartar ƙauyen ruwa ya shanye ta, don haka a kwalekwale aka ɗauki gawar, Ja'afar da wasu masunta baƙi, suka binne ta a wani tudu ta wajen Baturiya. Masuntan sun koma inda suka fito. Ja'afar kaɗai ne ya san wurin.

"Kowace shekara ina roƙonsa ya kai ni in tsaya a kanta in yi mata addu'a. Sai ya ce sai ruwa ya ja. In ruwa ya ja ya ce sai an gama girbi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tura masa liman, na tura Sakinatu. Jiya dai ya aiko cewa zai shigo gari yau."

Na riƙe masa sifana.

Wajen azahar wani dogon dattijo ya jingine keke a jikin rumfar. Suka gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Na yunƙura zan ba su wuri, dattijon ya ce in zauna.

"Yaya, ka ce za ka zo."

"Ga ni na zo." Ja'afar ya daɗe yana kallon hoton da ke jikin ƙyaure. "Rilwanu, kana zaton fushi ne. Fushin tun shekarar farko ya ƙare. Ni wa zan yi wa fushi, ni da nake tsaye a ƙofar ɗakin?"

"To ka kai ni."

"Da rani ya yi na koma ni kaɗai. Na sa alama da reshen giyayya da fasasshen tulu. Ruwa ya kwashe su, ciyawar kachala ta rufe wurin. Tudu uku ne a jere, duk iri ɗaya. Sau biyar ina zuwa. Ban san wanne ne ba."

Kawu Rilwanu ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kai ka makara kwana uku. Ni na ɓatar da ita gaba ɗaya. Da wane baki?"

Can bakin titi wani mai kifi yana ta kiran ciniki.

"Tudu ukun dai ka san su," in ji Kawu Rilwanu.

"Na san su."

"Asabar sai mu je. Mu tsaya a kan kowanne."

Ja'afar ya gyaɗa kai, ya ja kekensa ya tafi, bai ko sha ruwan da aka miƙa masa ba.

Kawu Rilwanu ya sake jan igiya, injinmu ya kama. Ya saurare shi ɗan lokaci, ya kashe.

"Datti ne a mai, ka riƙa tacewa," ya ce mini. Ya zuba sifanu a buhu, ya saɓa a kafaɗa. "Akwai wani inji a fadamar gabas da ya tsaya tun jiya, shinkafar mutum tana ƙonewa."

Ya ja ƙyauren, hoton yana ciki, ya bi hanyar fadama.